Ranar da Yaya Sale ya kasa gama gaisuwa

Muna kara, kasuwar dabbobi, a Mai'adua ana tsaka da ciniki, asmar Yaya Sale ta tashi. Ya shaƙi maganinsa sau uku, ƙirjin bai saki ba. Can shesshekar ta ɗauke, dillalai suka ce ai ta lafa, a kawo masa fura.

Ni na san yayana. Mutumin da zai sayar maka da gurguwar akuya kana godiya, yau ya kasa gama "alhamdulillahi"? Na cusa shi a mota sai asibiti a Daura, yana ɗaga mini hannu wai in bari.

Malamar asibiti ta ce, "Baba, ya jiki?"

"Da... sau... ƙi."

Ta juyo gare ni. "Alhaji, kowa haka yake ce mana. Ni numfashin da ya ja kafin ya gama nake ƙirgawa. Shirun ƙirjin nan kuma, iska ce ba ta shiga sosai."

Nan take aka sa masa oksijin. Kwanansa uku kafin sallama.

Daga yanzu mai asmar da ya kasa amsa gaisuwata a numfashi ɗaya, ba na neman izininsa. Ku kun taɓa kai naku asibiti yana cewa a bari?