Kunnen Bajimin Hamma

Hamma makiyayi ne a bayan garin Lolo, kuma bai taɓa zagin allura ba. Yana yaro ciwon bushiya ya faɗa garken ubansa, shanu arba'in suka koma shida cikin wata guda. Saboda haka bayan samun 'yancin kai, da masu allurar shanu suka fara zuwa da mota da akwatin ƙanƙara, shi ya fara kora nasa gabansu. A soka wa saniya allura, a ɗebe ɗan yanki a kunnenta da awartaki don shaida. Ciwo kuwa ya ja da baya, Hamma ya gani da idonsa.

Sai dai shanunsa ciyawa suke bi. Damina suna Nijeriya, rani su gangara fadamun Dahome. Can ma akwai masu allura da nasu awartakin, kuma kowane ɓangare bai yarda da hujin ɗan'uwansa ba.

Akwai wani farin bajimi da Hamma ya shekara uku yana yi wa tattali da dusa da kanwa. Nufinsa ya sayar da shi na layya, ya sai wa matarsa Dela keken ɗinki. Kowa kuwa ya sani, dabbar da aka yanke fiye da sulusin kunnenta ba ta yin layya.

Ana saura kwana tara Sallah ya tsallako gida da bajimin, ya tarar da Ma'azu malamin dabbobi ya tare hanya.

"Malam, an yi mai. Har sau biyar. Dubi kunnen."

Ma'azu ya ɗaga kunnen, rana ta leƙo ta ciki. "Baba, na bana hujin Faransa ne, na Dahome. Namu ba haka yake ba."

"Maganin fa?"

"Magani duk ɗaya ne."

"To ciwon ya san hujin wa ke nan?"

"Ciwo bai sani ba, amma babban likita ya sani, kuma shi zai duba aikina. Riƙe mai kai."

Hamma ya riƙe. Me zai yi? Awartaki ya ce ƙwas.

Ran kasuwar Lolo mutane suka kewaye bajimin suna shafa tozonsa. Wani ɗan kasuwa, Attahiru, har ya kama igiya, sai ya ce a kira liman tukuna. Liman ya karyo tsinke, ya auna kunnen dama, ya auna na hagu, ya sake aunawa.

"Hamma, wannan kunne ne ko rariya?"

"Allah gafarta malam, lafiyarsa lau."

"Lafiya kam ya fi ni. Amma layya ba ta yi."

Attahiru ya saki igiya. Mahauta suka matso, Hamma ya ji tayinsu, ya ja abinsa gida ko waiwaye babu.

Dela tana bakin bukka tana ɗinkin hannu. Ta dubi mijin, ta dubi bajimin, ta ce, "Sannu da zuwa, ku biyun."

Bajimin ya shekara goma sha huɗu a duniya, tsufa ne ya kwantar da shi, bai taɓa ko tari ba.