Malam Sahabi a Gaban Allo

Shekara goma sha tara Malam Sahabi ya yi yana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Bungudu, alhali tarihi ya karanta. Ranar da aka turo shi babu malamin lissafi, shugaban makaranta ya miƙa masa alli, shi ke nan.

Doka ɗaya ya riƙe: duk lambar da ta tsallaka alamar daidai, alamarta ta juya, tarawa ta koma ɗebewa. A nan dokar ba ta da aibu. Shi kuwa har a ninkawa yake sa ta. In ya rubuta 2x = 10, sai ya tsallakar da biyu, ya ɗebe ta daga goma, ya ja layi ƙarƙashin takwas. Amsar da ke bayan littafi, cewa yake kuskuren masu bugawa ce. Wanda ya yi gardama, bulala shida. Wani ɗalibi ɗan Kwatarkwashi, Muktar, ya ce biyar ce, ya maimaita, ya sha goma sha biyu.

A 1998 aka kira malamai Gusau don tantancewa. Wanda ya faɗi, a bakin aikinsa. Malam Sahabi, mai iyali tara, ya sa babbar rigarsa ta salla ya tafi. Yana shiga zauren ya tarar da malamai kusan arba'in a kan benci, ga Muktar a kujerar mai jarrabawa, ya zama jami'in ilimi.

"A'a, Malam! Sannu da hanya. Kowa takarda zai rubuta, amma kai babba ne, allo ya dace da kai."

Muktar ya rubuta 2x = 10, ya miƙa masa alli da hannu biyu.

Malam Sahabi ya ji sanyi a ransa, don ya ɗauka alfarma ce. Bai yi minti ɗaya ba ya ja layi ƙarƙashin takwas.

"Madalla. To mayar da ita gurbin x. Biyu sau takwas nawa, Malam?"

Malam Sahabi ya dubi allon. Tunda yake bai taɓa gwada mayar da amsa ba.

"Sha shida," ya ce a hankali.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Da haka kake ce mana."

"Sha shida."

Wani daga baya ya ce, "To ina sauran shidan za su kwana?" Zauren ya ɗauka da dariya.

"Muktar, ɗana, ka rufa mini asiri."

"Malam, da bulala nawa za ka yi wa mai wannan amsa?"

Muktar ya hana a goge allon har aka tashi.

Bayan wata biyu takardar sallama ta iso. Yanzu albasa yake kasawa a bakin tashar Bungudu. Da yawa cikin direbobin ɗalibansa ne, Malam Takwas suke kiransa, yana kuma amsawa, don su ne masu saye.