Baffa Sule da Makarantar Haɗaka

Duk wanda ya san Baffa Sule tela a Tudun Wada ya san tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa jana'iza. Ni kam tef ɗin nan ya sha sa ni sunkuyar da kai.

Da na sami sakandare a Kakuri, mahaifina, wato ƙanensa, ya ji maza da mata aji ɗaya suke zama. Ya ce, "Binta ba za ta makarantar cakuɗa ba."

Baffa ya ajiye almakashi. "Cakuɗa? Shinkafa da wake ce? Haɗaka ake cewa! Allo ɗaya, malami ɗaya, kowa da bencinsa."

"Yaya, wa zai tabbatar?"

"Ni!"

Na ɗauka magana ce kawai. Ranar Litinin sai ga shi a ajinmu, durƙushe, yana auna tsakanin bencin maza da namu. Malama Rifkatu ta ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Saura taƙi guda." Ya ja bencin, yaran suna kai. Wayyo! Har na gama makarantar, 'Yar Taƙi ake kirana.

Wani ɗan ajinmu, Yohanna, ya taɓa aron birona. Baffa ya bi shi har Gonin Gora da sabon biro, wai don ya huta da aro. Ya ci tuwon gidan, ya ɗinke wa uban yaron aljihu, sannan ya dawo.

Da abin ya ishe ni na ce, "Baffa, don Allah ka daina zuwa. Dariya ake yi mini."

Ya ce, "Ranar da na daina, babanki zai zaunar da ke a shagona. Ke da ko maɓalli ba ki iya sawa ba? Ki kashe mini kasuwa?"

Bai daina ba, ko lokacin ɗinkin Sallah, har na rubuta jarrabawar ƙarshe. Yau aikin jinya nake yi, ni na zauna da shi a asibiti kwanakinsa na ƙarshe. Muryarsa da ƙyar take fita, amma da likita ya sunkuyo kansa sai Baffa ya kama hannun rigar likitan. "Ɗana, wa ya yanka maka wannan? Ya cuce ka."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata kabarinsa, Ya saka masa abin da ban iya saka masa ba. Amin.