Ɗigon Lalle a Tafin Hannuna

Ranar wata Laraba a kakar 1976, shekara biyu da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu daga tsohon garinmu, Inna ta aike ni yanko wa tumaki ciyawa. Sauri nake yi don ƙawayena sun fara carafke ba ni. Na yar da lauje, na sunkuya ɗaure dami, santsi ya kwashe ni, na dafa kaifin laujen da wuyan hannun dama. A motar masu kifi aka kai ni asibiti a Kano, kaina a cinyar Baba.

Ɗinki ya warke, amma babban yatsa da biyun da ke binsa sun zama kamar na wani. Likita ya ce wa Baba: "Malam, mun haɗa jijiyar, amma sai ta sake tsirowa ta ciki, kamar inci ɗaya a wata. Ku riƙa ƙwanƙwasa wajen da yatsa. Inda ta ji tsir, nan ta iso. Kuma ku raba hannun nan da zafi." Inci ɗaya! Ni da nake aji bakwai, saura wata biyar jarrabawar shiga sakandare, fensir kuma sulɓewa yake yi ya faɗi ban sani ba. Na gwada hagu, malamin ajinmu ya tsula mini bulala. A gida Kaka ta ce, "Da hannun tsarki za ki rubuta ilimi, ja'ira?"

Ita ce ta ce sanyi ne ya kama hannun, gashi yake so. Ba zan ɗora mata laifi ita kaɗai ba, ni na miƙa hannun, har ina cewa ta ƙara wuta. Ta tsoma tsumma a tafasasshen ruwa tana dannawa, ni ko gezau. Washegari yatsun suka tashi ruwa, fata ta saɓule. Inna ta zauna a gindin turmi tana kuka, ni kuwa ina kallon naman yatsuna, babu ko zogi. Wannan rashin zogin ne ya fi komai firgita ni.

Daga nan Inna ta karɓi jinyar. Duk Juma'a sai ta bi tafin hannuna da ɗan yatsa tana ƙwanƙwasawa, inda na zabura ta ɗiga lalle. Na tsani ɗigon nan. Mako guda ba ya ko matsawa da faɗin ƙwayar dawa. Nakan ce na ji tsir a gaba, ta ce, "Ƙarya kike, Talatu, idonki bai ƙifta ba." Saura wata ɗaya jarrabawa, lallen bai kai gindin yatsu ba. Na yi jifa da fensir cikin turken awaki na ce na haƙura da bokon. Inna, wadda ba ta san ko baƙi ɗaya ba, ta tsinto shi, ta ja ni bayan rumbu, ta share ƙasa da tafinta. "Rubuta da hagun. In laifi ne, a kaina."

Da hagu na rubuta jarrabawar, rubutu kamar tonon kaji, kuma na ci. Sai da damina ta yi nisa, wata rana na ɗaga murfin tukunya mai zafi da hannun dama, na ƙwalla ƙara na yar da shi. Inna ta tsaya da muciya a hannu, sannan ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Yanzu a ofis mutane kan tambaye ni ko bahaguwa aka haife ni, in ce a'a, in ci gaba da aikina. Yatsun suna ji, sai dai ba sa tantance allura da tsinke. Inna ta rasu bara. Wani lokaci nakan ƙwanƙwasa tafin da kaina, amma babu mai duban idona ya ce ƙarya nake.