Hoton da na ƙi tsayawa a Alaska

Mun tashi da asuba daga Bobigny da ke gefen Paris, ni da autata da ɗana na fari, wanda ya kwana wurinmu daga Lyon. Shi ya shirya tafiyar. Ya samu aiki a Kanada, ya ce kafin ya koma can yana so ya kai ni Alaska in ga beyar, dabbar da yarana ke cewa urs. Na ja ƙofar shagona na atamfa a Château Rouge ina mita, amma raina fari tas.

Mun gaji da zaman jirgi kafin Anchorage. Tsadar garin ta sa na daina zagin Paris. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa, ina ta jiran magariba har barci ya sace ni a kan darduma.

Daga can ƙaramin jirgi ya ɗauke mu, irin mai sauka a kan ruwa. Ban bar salati ba har muka taka ƙasa. Masu tsaron dajin suka ce in mun haɗu da beyar kada mu gudu, mu yi mata magana a hankali. Na ce wannan ai sana'ata ce, kullum da masu taya kaya nake. Washegari mota ta kai mu wani kwari da dutse mai aman wuta ya cika da toka tun zamanin kakanni. Ko tsiro babu.

A bakin kogi muka ga beyar ɗin. Manya ne, ruwan ƙasa, suna tsaye cikin ruwa kifi na tsalle yana faɗa musu a baki. Ɗana ya miƙa wa ƙanwarsa waya, ya matso ya dafa kafaɗata.

"Maman, tsaya mu yi foto, ni da ke kawai."

A Maraɗi na tashi. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ban yi tunani ba, kafaɗar ce ta zame da kanta.

"Kai, wane, ɗauki ƙanwarka dai."

"D'accord, to," in ji shi. Ya yi murmushi, ya karɓi wayarsa. Bai sake tambaya ba har muka baro dajin, ni kuma ina ta jira ya sake.

Da muka dawo Paris bai kwana ba, ya kama jirgin ƙasan Lyon don haɗa kaya. Ya turo mini hotuna birjik. Ga beyar, ga toka, ga ni rungume da auta ina dariya. Na bi su ɗaya-ɗaya, babu inda muke tare.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: kunyar da na gada, a Maraɗi kowa ya san so ce, amma yaron da aka haifa a Faransa ba wanda ya taɓa gaya masa. Na yi baƙin ciki ƙwarai.

Ranar da zai tashi zuwa Kanada na kira shi, na ɗaura niyyar faɗin sunansa. Ya ɗauka, ana ta shela a filin jirgi.

"Allô, Maman?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kai, wane, ka ɗauki rigar sanyi?"