Na hura wa ƙarfen kumbo iska da baki

Jama'a, yawun mutum yana iya kashe wanda ke sararin sama?

Wata biyu ke nan da na baro Montreuil na samu aiki a wani atiliye, wato ƙaramar masana'anta, kusa da Lyon. Ƙananan piyas, wato sassan inji, muke shiryawa a kwali. Masu wurin sun samu kontra, wato kwangila, ta kayan kumbon da ke ɗaukar mutane zuwa sararin sama, shi ya sa suka kwashi 'yan unguwarmu da yawa, har mai sayar mana da abinci ta ƙara tukunya.

Yau na ga ƙura a bakin wani ƙaramin bututu. Sai na janye takunkumi na hura masa iska, fuuu, yadda muke yi wa karbireta a garejin Maraɗi. Na sa shi a leda, ya bi sauran.

Da hutu na ba Malam Issufu labari, ɗan Damagaram ne da ke duba ingancin kaya. Ya ajiye cokali.

"Kai yaro! Ta nan iskar numfashin mutanen cikin kumbon ke bi. Danshi kaɗan yana iya ɓata shi, kuma can sama babu gefen hanya da za su tsaya."

"Malam, in na faɗa wa shef, mai gidanmu, ai korata zai yi."

"Wataƙila. Amma yau kwalin zai fita."

Ku da kuka daɗe a ƙasar nan, suna yafe irin wannan? Ku rubuta mini, ku sa ni a addu'a. Ga motar ɗaukar kwalayen can ta ja baya bakin sito, bari in ruga wurin shef.