Garin Kuka a Lagireto

Jama'a, yau motata ta sha kuka!

Na ɗauko shanu zuwa Wudil. Daidai Utai tururi ya turnuƙe gaban mota. Na duba, ashe lagireto ke yoyo. Babu bakanike, ga rana, shanu sun fara haki.

Wata tsohuwa mai sayar da kayan miya ta ce, "Ɗan nan, zuba garin kuka."

Na ce, "Iya, mota ce fa, ba tukunya ba."

Ta ce, "Marigayi mijina direba ne. Zuba!"

Na zuba ƙulli biyu, na cika ruwa. Wallahi yoyon ya tsaya cak! Shanu suka isa kasuwar kara lafiya.

Da na dawo, bakanikena ya buɗe murfin lagireton, ya shinshina, ya ce, "Maigida, saura daddawa."